Busar da Ɗanasabe Bai Ƙarasa Ba

Ɗanasabe mai fenti, Allah ya jiƙansa, mutumin Tibiri ne ta ƙasar Maraɗi. Ya zo New York da ƙuruciyarsa, ya fara da tallar hula da safa a Fordham Road, daga baya ya samu aikin fesa wa motoci fenti a wani gareji a Bronx. A nan ya yi furfura, a nan kuma huhunsa ya lalace. Mutum ne mai yawan kunya. Ko kai ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Mu da muka ci tuwo kwano ɗaya da shi mun shaida haka.

Wata rana wani tsoho ɗan Japan mai suna Morita ya kawo motarsa gyara, Ɗanasabe ya hangi wata gora mai kauri da huji a kujerar baya. Da yake ya bi makiyaya da sarewar kara yana yaro, sai ya tambaya ko abin busa ne. Tsohon ya ce shakuhachi ake kiranta, shi malaminta ne, in yana so ya zo ranar Lahadi.

Har ya bar duniya sarewa yake ce mata. Kowace Lahadi yakan je gidan tsohon, ya cire takalmi, ya durƙusa kamar mai zaman tahiya. Turawan da suke koyo tare suna kuka da gwiwa, shi kuwa ko a jikinsa. Jira ne ya ba shi wuya, domin a al'adarsu ɗalibi ba ya busa a gaban jama'a sai malaminsa ya ce ya isa. Shekaru suka yi ta wucewa, tsoho bai ce ba.

Matarsa Aïchatou takan tsokane shi. "Baban Ikram, wanga karatu naka ko na allo ne ai da ka yi sauka."

"Malam bai ce ba tukuna," in ji shi.

Burinsa ɗaya ne: ya busa cikakkiyar busa sau ɗaya a gaban mutanen garinsu. Tibiri ba ta zuwuwa, don ba shi da takardun da zai fita ya dawo. Saboda haka ya mai da 'yan ƙungiyar Maraɗi na Bronx su ne garinsa.

Izinin ya zo a shekarar da tari ya kama shi, bayan likita ya ce fenti ya cinye huhun. Morita ya zaɓa masa wata tsohuwar busa mai dogayen shiru a tsakiya. Ya ce shirun ma busa ne, mai sauraro ba ya motsi sai mai busa ya sauke sarewa ya sunkuya. Ɗanasabe ya gane tausayi ne ya sa aka zaɓa masa ita, don a cikin shirun nan zai riƙa tara numfashi. In babu shi, ba zai kai ƙarshe ba.

Ya je wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulwahab, ya nemi ɗakin taronsu da ke ƙarƙashin wani gini a Soundview. Da aka ba shi, ya daɗe yana murza hula.

"Alhaji, in da hali a hwaɗa ma mutane, akwai wuraren da nika tsayawa. Ba ƙarewa ba ce."

Alhaji ya yi dariya. "Kai Ɗanasabe, mu za ka koya ma jin kiɗi? Tun ba a haihe ka ba muke zuwa wasa. Bon, kai dai ka busa."

"To, Alhaji."

Bai ƙara ba. Ta yaya zai ce wa manyansa su yi shiru?

Ranar, bayan la'asar, ɗaki ya cika. Mata sun zo da farantan shinkafa, an kunna turaren wuta don girmama baƙo, wato Morita. Ɗanasabe ya ji hayaƙin yana matse masa ƙirji, amma turaren Hajiya Abiba ne, maƙwabciyarsu 'yar zangon Kumasi wadda ta ɗauke shi tamkar ƙaninta, sai ya haɗiye. Alhaji ya yi jawabi mai tsawo, ya yabi ɗan Tibiri da ya ƙwace sana'ar Japanawa, ya manta da saƙon.

Ɗanasabe ya durƙusa a kan darduma ya fara. Sautin ya fito ƙasa ƙasa, mai kauri, da ɗan rawa a ƙarshensa. Yara ma sun bar guje-guje. Wani dattijo da ya daɗe bai ga gida ba ya sa hannun riga ya share ido. Ɗanasabe ya ji abin yana tafiya yadda bai taɓa tafiya ba, har ya iso babban shiru na farko. Ya rufe ido, sarewa na bakinsa, yana jan iska a hankali.

Sai Hajiya Abiba ta rangaɗa guɗa.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Maza suka taso suna yi masa liƙi a goshi, wani yana masa kirari, Alhaji ya rungume shi ta baya. Shi kuwa bai sauke sarewar ba, alamar bai gama ba ke nan, amma wa ya san wannan alama a ɗakin? Ya dubi malaminsa. Tsohon yana zaune a miƙe, idonsa a ƙasa, domin a wurinsu malami ba ya sa baki in ɗalibi ya fara busa. Ɗanasabe ya yunƙura ya ci gaba a cikin hayaniyar, tari ya turnuƙe shi. Kafin ya lafa an buɗe abinci.

"Ɗan'uwa, ka kashe mu yau," in ji Hajiya Abiba, tana miƙa masa ruwa, idonta jawur. "Na tuna babana."

"Na gode, Hajiya."

A mota ya ce wa Aïchatou, "Ko rabi ban kai ba."

Hoton bidiyon da wani ya ɗauka ranar ya isa Tibiri, yayarsa ta bugo tana sa albarka, ya ce alhamdu lillahi. Ya koma wurin Alhaji neman wata rana, aka ce bayan babbar salla. Da sanyi ya shigo aka kwantar da shi asibiti, ya fito da robar iska a hanci, likita ya hana shi busa. Muna zuwa gaishe shi, mu tarar da sarewar a cinyarsa yana motsa yatsu a kan hujin, idonsa a rufe. Ba mu da abin yi masa sai mu zauna. Bai ga sallar ba. A New Jersey muka binne shi.

Wurin zaman makoki, a wannan ɗakin taro na ƙarƙashin gini, kowa maganar busar ranar nan yake, yadda ta yi daɗi. Morita ya zo, ya zauna cikin maza, yana ɗaga hannu in an ɗaga don addu'a. Da zai tafi, Aïchatou ta sa 'yarta Ikram ta tambaye shi ko da yawa ya rage a busar.

Ya ce da yawa, kuma abin da mijinta ya fi iyawa yana gaba. In tana so, zai busa mata sauran.

Ta ce a gaya masa tana takaba, kuma ba daga bakinsa ta so ji ba. Tsohon ya sunkuya mata, ya sa takalmansa, ya hau matakala.