Janareton Kawu Ba Ya Tsallake Kiran Salla

A shekarun da man fetur ya yi tsada a duniya, kuɗi suka zubo har ƙananan hukumomi, aka sauke wa makarantarmu ta Ƙanƙara kwamfutoci a kwali. Wayar lantarki kuwa ko guda ba ta taɓa shiga makarantar ba. Ni malamin lissafi ne, amma da yake na taɓa yin ɗan kwas a Zariya, sai aka naɗa ni malamin kwamfuta ba tare da an tambaye ni ba.

Hedimasta ya ba ni aron guda ɗaya in tafi da ita hutun damina. Ya ce in na dawo na kunna ta a gabansa, na nuna na san kanta, zai yi faɗi-tashin nemo mana janareto. In ba haka ba, kwalayen su ci gaba da barcinsu a sito, ni kuma in koyar da alli.

Wani abokina ya ba ni faifai ɗauke da manhajar da kowa ke da damar buɗe cikinta. A can tsakiyarta akwai abin da ake kira kanel. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha, shi ke cewa wane aiki zai yi lodi yanzu, wane zai jira layi. Ana iya karanta shi, a canza, sannan a bar na'urar ta sake haɗa shi da kanta. Raina ya biya ƙwarai. Ban yarda in tsaya gaban yara ina ba da labarin abin da ban taɓa leƙa cikinsa ba.

Na ɗaure ta a bayan mashin zuwa ƙauyenmu, can wajen Sabuwa, ina kaucewa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Janareto ɗaya ne a garin, na ƙanen mahaifiyata, wanda yake cajin waya da sanyaya lemo a shagonsa kusa da masallaci. Kawu ya ba ni lungu da tebur, ya ce in yi abina. Sai dai yana da doka tun ranar da ya sayi injin: ladan na ɗaga murya, zai kashe, don kada ƙararsa ta haɗu da kiran salla.

Haɗa kanel a wannan na'ura aiki ne mai cin sa'o'i. Rubutu ya yi ta gudu a allon, ni ina zaune ina kallo, ba abin da zan ƙara mata sai addu'a. Kawu kan tayar da injin bayan azahar, kafin a je ko'ina la'asar ta yi, ɗif. In an sake kunnawa, sai na'urar ta ɓata lokaci tana duba raunin da yankewar ta yi mata, wani lokacin ma aikin ya lalace in koma farko. Na ji haushi, amma ban san wa zan ji wa ba.

Ran nan na daure na ce, "Kawu, don Allah yau kaɗai a bar shi ya wuce la'asar."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗana, ana kiran Allah shina ɓaɓatu? Wagga na'ura taku hwa, in ta ƙwarai ce ta jira a sallame."

"Ba ta san jira ba, Kawu."

"To ka koya mata, ba kai ne malamin ba?"

Masu jiran cajin waya suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma ya tausaya mini. Ya ce ranar kasuwa zai tayar da injin tun da hantsi saboda lemo, daga nan har azahar filina ne.

Ranar kasuwar, aikin ya tafi sumul. Na ga layin ƙarshe ya tsaya ba kuskure, har sai da na tashi tsaye. Saura mataki ɗaya, a rubuta sabon kanel ɗin a gurbin da na'urar ke farawa in an kunna ta. Wannan ɗan lokaci ne kaɗan, amma shi ne inda ba a son a yanke. Na duba agogona, da sauran lokaci sosai kafin azahar, sai na danna.

Ashe hadari ya rufe rana a waje. Ladanmu tsoho ne, da inuwa yake auna lokaci, ranar kuwa babu inuwa, sai ya kintata. Na ji "Allahu Akbar", na ga hannun Kawu ya miƙa. Na buɗe baki, amma me zan ce? Ana kiran salla. Allon ya yi baƙi, na bi sahu muka tafi alwala.

Bayan an sallame aka kunna. Na'urar ta kawo 'yan layuka ta tsaya cik. Na sa faifan abokina in gyara, ta ce ba ta ga ma'ajiyar bayananta ba sam. Na kwance ma'ajiyar, na hure ta, na mayar, shiru. Daga Sabuwa har Faskari babu wanda zan tambaya, abokina kuma wayarsa ba ta shiga. Kawu ya tsaya a kaina, jikinsa a sanyaye, ya ce, "Ko mu ƙara mata mai?" Ban taɓa jin na rasa dabara kamar ranar ba.

Da aka koma makaranta, hedimasta ya sa aka aro janareton wani mai aski. Na danna, muka zuba ido, ba ta tashi ba. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Malam," ya rufe kwalin da hannunsa.

Na koyar da darasin a allon bango, na zana komai da alli, yara suka haddace. A jarrabawar ƙarshen shekara wata yarinya ta cinye makin kwamfuta gaba ɗaya. Da na miƙa mata takardarta, ta ce, "Malam, wai in an taɓa ta, zafi gare ta ko sanyi?"