Matar da ta hana tsofaffinmu zama

Kafin ƙarfe bakwai ta riga ta buɗe ɗakin motsa jiki na asibiti. Ta goge ƙarafan da marasa lafiya ke dafawa, ta duba robar ƙasan kowace sanda, sannan ta kwashe kujeru ta kai baranda, ta bar guda ɗaya tak. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Tsofaffin da take koya wa tafiya bayan faɗuwa ko shanyewar ɓarin jiki su suka laƙaba mata Tashi-mu-je, har sunanta na gaskiya ya ɓace.

Da, gatan tsoho a wurinmu shi ne a yi masa shimfiɗa, a ce ya huta. Ita kuwa wannan hutun take yaƙa, kuma ta sha harara a kansa.

Wata safiya aka turo mata wani dattijo a keken guragu, hannun dama a sake. Wata uku bai ce wa kowa uffan ba. 'Yarsa ce ke ba shi abinci a baki, ita ke ɓalle masa riga. 'Ya'yan har sun shirya kyautar da keken ɗinkinsa don a sami wurin gado.

"Baba, wace sana'a kake yi?" in ji Tashi-mu-je.

"Tela ne da, Anti," 'yar ta amsa. "Yanzu ai sai hutu."

"Ba ke na tambaya ba, 'yata."

Sai ta tsinke maɓallin farar rigarta, ta tuɓe rigar, ta ɗora masa su a cinya tare da allura da zare. "Taimake ni, Baba, kada in yi yawo haka a asibiti."

"Haba Anti! Hannun da ko cokali ba ya riƙewa?" in ji 'yar.

Dattijo ya ƙura wa rigar ido, ya ja tsaki. "Wa ya ɗinka miki wannan? Ko wuyan bai daidaita ba."

Minti arba'in ya yi a kan maɓallin nan. Allura ta faɗi ya fi sau goma. 'Yar tana hawaye tana miƙa hannu, Tashi-mu-je tana tare ta, nata hannayen kuma a goye a baya. Ta ce a duk aikin nan babu abin da ya fi ba ta wuya kamar goye hannun, don ita ma zuciyarta karyewa take. Maɓalli ya zauna a karkace, haka ta yi ta yawo da shi. Keken ɗinki kuwa ba a kyautar da shi ba.

Tashi-mu-je, ke ce kika koya mana cewa tausayi ma yana kwantar da mutum. Ke ce mai haƙurin jira, ko da taku ɗaya zai ci rabin sa'a. Muna ƙaunarki, Mama, har da faɗanki.

Makon jiya ta ajiye aiki. Kuma kun san kyautar da 'ya'yanta suka kawo wurin ban kwana? Kujera mai laushi! Babban ɗanta ya zaunar da ita yana cewa, "Mama, daga yau sai hutu." Ta zauna kamar wadda aka ƙwace wa wani abu.

Sai ga telan nan, da sandarsa, da ƙafafunsa. Ya miƙa mata riga sabuwa dal, ɗinkin hannunsa, wuya ya zauna daram. Ta duba, ta ga saura maɓalli ɗaya ba a ɗinka ba.

"Baba, ka manta guda."

"Ban manta ba." Ya zaro allura daga aljihu. "Wannan naki ne. Kuma tsofaffin layinmu na jiranki gobe da safe, na riga na faɗa musu. Tashi mu je!"

Ta yi dariya har da hawaye, ta tashi.

Mun gode, Mama, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu tsoho a gida, yau in ya kai hannu zai ɓalle rigarsa, ku goya naku a baya, ku jira shi.