Inji Ya Cinye Masa Kunne

Didarul Alam mutumin tsibirin Sandwip ne, inda da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wani nasu yana kan teku ba. Ubansa ya ƙare ƙarfinsa yana goge baƙin mai a ɗakin injin jiragen ruwa, injiniyoyi sa'o'in 'ya'yansa suna aikensa. Bai cika ƙorafi ba, amma duk zuwansa hutu sai ya gaya wa ɗan cewa in zai shiga jirgi, to ya shiga da karatu. Didarul ya ci jarrabawar makarantar koyon aikin jirgin ruwa a birnin Chattogram, aka aske masa kai ƙwal, aka gasa shi da fareti da lissafi da zanen inji, ya fito da farar riga da hula. Ranar da ya sauka Sandwip da waɗannan kaya tsohon ya yi ta zagaye da shi cikin kasuwa, suka koma gida ba su sayi ko barkono ba.

Aikin injiniyan jirgi hawa-hawa ne. Mutum ya yi watanni a teku, ya sauko ya koma aji, ya ci jarrabawa, sannan a ɗaga shi mataki ɗaya. Didarul ya hau da sauri har ya kai injiniya na biyu, wanda ɗakin inji ke wuyansa kullum, ba kowa a samansa sai babban injiniya. A tsakanin nan ya auri Morsheda, 'yar wani malamin makaranta a unguwar Halishahar, suka haifi 'ya ɗaya, Tuli. Ubansa ya rasu yana tsakiyar teku, sai da suka kusa tasha labari ya riske shi.

Sa'ad da ya fara aiki, manya dariya suke yi wa yaron da ya toshe kunne. Wani babban injiniya ya taɓa fizge masa abin toshe kunnen, ya ce inji magana yake yi, in kowa ya toshe wa zai saurare shi. Daga nan Didarul ya riƙa rataye abin a wuya. Lokacin da kamfanoni suka tsananta dokar toshe kunne, aikin gama ya riga ya gama. Wani kuka kamar na gyare ya tare a kunnensa na hagu, ba dare ba rana. A jirgi abin bai dame shi ba, don a ɗakin inji kowa ihu yake yi, sauran magana kuma da hannu ake yin ta.

A gida ne abin ya fito. Morsheda ta yi ta kiransa daga kicin ba ya amsawa, ta ba shi labarin dangi ya gyaɗa kai inda bai kamata ba. Da farko ta ɗauka girman kai ne ya shige shi, daga baya zuciyarta ta kai ta wani wuri.

"Baban Tuli, in akwai wata a Singafo ka faɗa mini in huta," in ji ta. "Na gaji da yi wa bango hira."

Ya yi dariya ya ce wace ce za ta kalli mutumin da ke warin baƙin mai. Ba ta yi dariyar ba. Wata rana yana zaune yana shan shayi, ta tsaya a bayansa ta ce kifin da ya sayo da safe ruɓaɓɓe ne, an cuce shi. Didarul mutum ne da ake zaginsa ya haƙura, amma ba a taɓa masa iya sayen kifi. Ko motsi bai yi ba. Ta koma kicin ta zauna a kan buhun shinkafa, ta daɗe ba ta tashi ba.

Ta matsa masa ya ga likita, ya ƙi. Ya ce in likita ya rubuta abin, takardar lafiyarsa ta aikin jirgi ta tafi, in ta tafi kuma jirgi ya tafi. Dabararsa ita ce ya ci jarrabawar babban injiniya tukuna, ya yi 'yan shekaru a wannan kujera, sannan ya sauka da mutuncinsa ya nemi magani.

Haka ya koma aji bayan ya haura shekara arba'in. Rabin 'yan ajin yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa ne, Kawu suke ce masa. Yakan riga kowa zuwa ya kama kujerar gaba, idonsa a kan bakin malami, su kuwa su ce Kawu ya tsufa da neman suna. Abin da ya kuɓuce masa a aji ya cike shi da littafi. Rubutacciyar jarrabawa bai sha wata wahala ba. Saura ta baka, wadda ake zaunar da mutum gaban tsohon babban injiniya ya yi ta jefo masa tambayoyi.

Wanda ya faɗa hannunsa dattijo ne mai sanyin murya, yana magana yana taunar ganyen pan da mutanen can ke ci kamar goro, ga fanka tana kaɗawa a kansu. Ya tambaye shi me zai yi in ruwa ya yi ƙasa a tukunyar tururi jirgi yana cikin tafiya. Didarul ya tsinci kalma biyu, ya cike sauran da zato, ya zuba bayani mai kyau a kan yadda ake wanke tukunyar. Dattijon ya bar shi ya kai ƙarshe, ya sake wata tambayar, aka sake yin haka. Ya faɗi jarrabawar. Bayan 'yan watanni ya dawo, wannan karon ya yi ta roƙon a maimaita har kunya ta hana shi. Dattijon ya tashi ya kashe fankar, ya rufe ƙofa, ya matso da kujerarsa ya ɗaga murya.

"Ba karatu ne ya gaza maka ba, ka fi rabin waɗanda na sa wa hannu sani. Je ka ga likitan kunne. Ba zan damƙa jirgi da rayukan mutane ga wanda ke zaton abin da aka faɗa masa ba."

Hutunsa ya yi tsawo, gida na ci, takardar lafiyarsa kuma ta ƙare. Ya nemi Nurul Absar, abokinsa tun makaranta, wanda ya bar teku da wuri ya buɗe ofishin sama wa ma'aikata jirgi. A shagon shayin ƙasan ofis ya gaya masa komai. Absar bai ga abin tashin hankali ba. Ya ce duk injiniyan da ya kai shekarunsu rabin kurma ne, shi kansa matarsa ta gaji da shi.

"Ina da likita," in ji shi, yana tsoma biskit a shayi. "Wannan ko gawa ka kai masa zai rubuta tana cikin ƙoshin lafiya. Kai dai zo da hotonka, ɗan tsibiri, ka bar wa'azi."

Didarul ya je, aka buga masa hatimi ba wanda ya leƙa kunnensa. Da Morsheda ta ji sai ta ce ba da yawunta ba. Ta haɗa masa kaya, ta ɗaure masa busasshen kifin da yake so, amma ba ta raka shi filin jirgin sama ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Jirgin na dakon gawayin dutse ne, tsoho, kullum da abin gyara. Cikin ma'aikatan ɗakin inji akwai Kalimullah, mutumin yankin Noakhali mai furfura a gemu, wanda ke cewa wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe in Allah ya yarda. Wata rana da la'asar, suna tsakiyar teku, mahaɗin wani bututun tururi ya fashe, Kalimullah yana durƙushe a lungun da ke ƙarƙashinsa, ba hanyar fita sai ta cikin tururin. Ya yi abin da kowa ya sani a ɗakin inji, ya riƙa buga sufana a kan ƙarfe da iyakar ƙarfinsa. Didarul yana tsaye a benen da ke samansa, ya ba shi baya, yana duba agogon zafin inji. Bai san abin da ake ciki ba sai da injiniya na uku ya taho a guje daga can ƙarshen ɗakin, ya bangaje shi ya wuce ya rufe tururin.

Hannun Kalimullah na dama da gefen ƙirjinsa sun saɓule. Aka sauke shi a tashar Colombo aka kai shi asibiti. A rahoton da aka rubuta an ce ƙarar inji ce ta hana a ji shi da wuri, ba wanda ya nuna wa Didarul yatsa. Amma shi ya san wanda ke nesa ya ji, shi da ke kusa bai ji ba. Abinci ya daina shiga masa. Ya sami babban injiniya ya gaya masa gaskiya, shi kuwa ya ce ya daure ya ƙarasa watanninsa, kada ya jawo wa kowa bincike. Didarul ya ce ba zai sake tsayawa gadin inji ba. A tasha ta gaba ya ɗauki jakarsa.

Morsheda ce ta kai shi wurin likitan kunne, ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Gwaji ya nuna na hagu ya kusa mutuwa, na dama saura rabi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Aka maƙala masa 'yar na'urar ƙara ji. Da suka fito titi, hon ɗin motoci da ƙararrawar masu keke suka rufe shi, har ya tsaya ya dafa bango.

Da ya ji an dawo da Kalimullah gida, ya hau mota zuwa Noakhali. Ya tarar da shi zaune a barandar gidan kwano, hannun ya warke a lanƙwashe, ba ya miƙewa. Didarul ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Kalimullah ya saurara har ƙarshe.

"Yallaɓai, ai mun sani," in ji shi. "Tun makon farko duk ɗakin inji an sani. In za mu yi maka magana ta dama muke zagayowa, ba ka lura ba? Mun yi shiru ne don kowa da bakunan da yake ciyarwa. Ni ma da bakina a cikin shirun."

Ya ce shi ya yafe, abin da Allah ya rubuta ne. Matarsa dai ba ta fito ba, ko ruwa ba a kawo wa baƙo ba, Kalimullah kuma bai nemi a kawo ba. Didarul ya dawo da nauyin da ya fi wanda ya je da shi. Ya zaci shi kaɗai ke ɓoye abin, ashe mutane ne suke ta lallaɓa shi kamar mara lafiya.

Bayan damina ya sake zama gaban dattijon nan mai jarrabawa, na'urar a kunnensa, bai ɓoye ta ba. Ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Dattijon ya miƙa masa hannu ya ce barka, Cif, wato babban injiniya. Takardar da ya shafe shekaru yana bi ta zo hannunsa, Tuli ta ɗauke ta hoto ta tura wa dangi kaf.

Jirgi ne bai zo ba. Sabuwar takardar lafiyarsa ta gaskiya ce, an rubuta a ciki cewa da na'ura yake ji. Duk kamfanin da ya je sai a karɓe shi da fara'a, a ce za a kira shi. Absar ya yi ta zille masa, daga baya ya fito fili ya ce ga matasa nan birjik masu kunne biyu, wa zai ɗauki mai batir. Da zama ya ishe shi, Didarul ya karɓi aikin kula da injinan ƙananan jiragen dako a bakin kogin Karnaphuli. Makanikan wurin Cif suke kiransa, wasu da girmamawa, wasu da tsiya.

Sau ɗaya ya riƙe jirgi a matsayin babban injiniya. Absar ya kira ya ce akwai wani tsohon jirgi da aka sayar wa masu yanka ƙarfe, ana neman wanda zai kawo shi daga Singafo zuwa gaɓar Sitakunda, inda ake kafe irin waɗannan jirage a taɓo a yanyanka su, kuma masu shi ba su damu da kunnen kowa ba. Morsheda ta ce mai hankali ba ya hawa jirgin da masu shi suka fid da rai da shi. Ya ce mata zai je. A wannan tafiyar ya tara 'yan ma'aikatansa tun ranar farko ya gaya musu halin da kunnensa ke ciki, ya ce duk mai magana da shi ya taɓa kafaɗarsa tukuna. Injin yana ɗiga ta ko'ina, suka yi ta lallaɓa shi da faci har suka iso. Da ruwan teku ya cika gaɓa, kyaftin ya nemi duk ƙarfin da ya rage, Didarul ya ba shi, jirgin ya hau taɓo ya kafe. Ya kashe injin da hannunsa, ya sauko ta tsanin igiya, ya ratsa taɓo zuwa titi da takalmansa a hannu, ya tari motar Chattogram.

Yau yana nan a bakin Karnaphuli. Yakan aika wa gidan Kalimullah abin da ya samu lokacin salla, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a dawo da shi. Bai daina kai takardunsa kamfanoni ba, Morsheda kuma ta daina yi masa magana a kan haka. Kunnen dama yana ƙara ja da baya, likita ya ce nan gaba sai an sauya masa na'ura mai ƙarfi.