Malam Shitu da Ƙwaryar Kindirmo

Malam Shitu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka abin da wasu ke jin nauyin faɗa a kansa ni sai in faɗe shi kai tsaye. Sunana Mamman, tela ne ni a bakin tashar Kafin Maiyaki. Tare muka tashi da shi, tare muka yi kiwon awaki, tare muka sha bulala. Tun yana ƙarami Shitu mai son a ce ya yi ne. In aka aike mu kai abinci gona, ni ke ɗaukar kwano, shi ke rangaɗa sallama tun daga nesa don a san ya zo.

Ba mugu ba ne, wannan kam zan shaida ko a gaban alƙali. Ya yi karatu ni ban yi ba, ya samu aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata da ke nan kusa da mu. Darasin kwamfuta aka ba shi, a makarantar da ba kwamfuta ko ɗaya. Shekara tara ya yi yana zana ta da alli a jikin allo, yara suna kwafa. Ni kuwa ba na raga masa, in ya zo wucewa sai in ce, “Bawana, yau an kawo wuta a allon naka kuwa?”

Shekarar da ta canja shi ita ce wadda aka tura shi bita Kano, kwana uku. Ya dawo da jaka mai tambari da wani sabon darasi, wai yadda yara za su zauna da juna lafiya a intanet. Da farko dariya na yi, don yawancin yaran nan ba su da waya. Ashe ni ne a baya. Da wayar uwa ko ta yayyensu suke shiga, suna da guruf ɗinsu na aji, kuma abin da suke wa juna a ciki ko 'yan tasha sai sun yi salati. Shitu ya tsaya tsayin daka. Ya koya musu kada a ɗauki hoton mutum ba da izininsa ba, kada a zagi mutum don ba ya ganin ido, in an ga ana wulaƙanta wata kada a tura gaba, a faɗa wa babba. Ya sa aka rubuta tambaya ɗaya da fenti a bangon ajin: “In ƙanwarki ce, za ki tura?” Kuma darasin ya shiga. 'Yata, wadda ita ma ɗalibarsa ce, ta taɓa riƙe mini hannu ina shirin tura hoton wani mahaukaci, ta yi mini wannan tambayar, na ji kunya na fasa.

Cikin ɗalibansa akwai Khairiyya, 'yar Hamman, wani Bafulatani da ya daɗe da zama a hanyar Badafi, yana noma masara yana riƙe da 'yan shanunsa. Uwarta Inna ce ke kawo nono kasuwarmu. Kindirmon Inna ba ya kai azahar, in ka makara sai dai ka lashi ludayi. Khairiyya ce ta zo ta ɗaya da suka gama firamare, amma uban ya ce karatun ya isa haka. Sau uku Shitu yana hawa babur zuwa rugarsu. A na ukun Hamman ya ja shi gindin wata ɗorawa, nesa da mata.

“Malam, ba ƙin boko nake ba,” in ji Hamman. “Yarinyar nan farfaɗiya gare ta. Muna karɓo mata magani a asibiti, takan yi wata shida ciwon bai tashi ba. Amma ka san mutanen gari. Ranar da suka ji, ba mai ƙara shan nonon gidana, ita kuma ba mai ƙara zama kusa da ita.”

Shitu ya dafa ƙirji ya ce, “Baffa, amana ce ka ba ni. In wani ya ji, ka ce ba ni ne Shitu ba.”

A ranar ya ba ni labari, da ya kawo mini yadin da zan ɗinka mata yunifom. Wai ai ni ɗan'uwa ne, ba a ƙirga ni.

Shekara guda da rabi ba abin da ya faru. Sai wata Laraba da bazara, tana aji biyu, ciwon ya tashi ana tsakiyar darasi. Ta faɗi tsakanin benci, jiki na kakkarwa, kumfa na fita a baki. Yara suka watse suna ihu. Wata yarinya, Humaira, 'yar wani dillalin hatsi, ta zo da wayar uwarta a ɓoye cikin hijabi. Ta tsaya ta ɗauki bidiyo, har ana jin dariyarta a ciki. Kafin la'asar ya shiga guruf ɗin aji.

A nan dole in yaba wa taubashina. Bai tsaya jiran shugaban makaranta ba. Ya hau babur ya bi gida goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana sallama da iyaye, yana sa a goge a gaban idonsa. Washegari ya kawo wata ma'aikaciyar asibiti ta yi wa ajin bayani cewa farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba aljanu ba ne, kuma ba a ɗauka ta yawu ko ta cin abinci tare. Shi ma ya maimaita, yana buga tebur. Ya sa Humaira ta durƙusa ta ba Khairiyya haƙuri. Yaran suka yi alkawarin rufe bakinsu, kuma ga mamakina suka rufe. Da Hamman ya zo hankali a tashe, Shitu ya tare shi da murmushi.

“Ka kwantar da hankalinka, Baffa. An goge duka. Ko ɗaya bai rage a duniya ba.”

Saura ɗaya. Yana cikin wayar Shitu. Ya ajiye shi ne, a cewarsa, don shaida, saboda yana rubuta wa masu bitar Kano rahoton yadda ya kashe wutar nan cikin kwana guda. Ina amfanin bajinta in ba wanda ya gani?

To, mu nan wuta sai ta ga dama, don haka kowa wajen mai caji yake kai wayarsa. Shagon Ubale mai caji yana manne da nawa. Dattijo ne mai furfura, yana da sola da laftof, yana caji yana turi: wa'azi, ƙwallo, barkwanci, duk abin da kake so. Kuma kowa a garin nan ya san yadda Ubale ke samun kayansa. In ka buɗe masa wayarka ya tura maka abu, duk wani sabon bidiyo da ya gani a ciki sai ya kwashe zuwa laftof ɗinsa, kamar yadda mai injin niƙa ke share ragowar garin kowa ya tara. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Shitu ya sani sarai. Ranar kasuwa ya zo ya miƙa wayarsa a buɗe, ya ce a saka masa wasan ƙwallon da ya wuce shi, ya shiga shagona muka yi ta wasan taubasai har ta cika.

Sati bai zagayo ba bidiyon ya bi direbobi ya kai Kwanar Dangora. Daga can ya yi Tudun Wada, ya yi Doguwa. Wani ɗan banza ya ɗora masa kiɗa daidai da kakkarwar jikinta, ya zama abin dariyar 'yan acaɓa a bakin tasha. Ba a daɗe ba wata ta ce, “Kai, ai wannan 'yar Inna mai kindirmo ce.” Shi ke nan.

Ina zaune a kan keken ɗinkina ina hango rumfar masu nono. Kasuwa biyu a jere Inna ta zauna da ƙwaryarta cike har rana ta faɗi. Matan da suka shekara goma suna saye a wurinta sai su ratse ta bayan masu albasa. Wata ta fizge hannun ɗanta da ya matsa kusa, ta ce da ƙarfi, “Zo nan, kada ka kwaso mana abin nan.” Sauran masu nonon ma suka ja ƙoransu gefe. Inna dai ta riƙa korar ƙuda da faifai. A makaranta kuwa iyaye suka fara aikowa a raba wa 'ya'yansu benci da Khairiyya, aka ware mata kofi a bakin randa.

Na tambayi Ubale inda ya samo. Ko a jikinsa.

“A wayar taubashinka mana. Har ya rubuta masa suna, wai shaida. Ni ina na san 'yar waye? Na ga ana so ne na riƙa turawa.”

Na samu Shitu a zauren gidansa, raina a ɓace. Na ce, “Shitu, yau ba wasa ya kawo ni ba. Daga wayarka ya fita.”

Sai ya kama hannuna ya ce, “Mamman, ka rufa mini asiri. In wannan ya fita, aikina da mutuncina duk sun tafi. Kuma ai ba zai dawo da komai ba.”

Makaranta dai sai ta samo mai laifi, kuma ba ta sha wahalar nema ba. Wa ya ɗauki bidiyon tun farko? Aka fito da Humaira gaban taron ɗalibai na safe. Tana kuka tana rantsuwa da Allah ta goge, a gaban Malam ma ta goge, a tambaye shi. Aka juya aka dubi Malam, Malam ya dubi takalminsa. Aka yi mata bulala goma sha biyu aka kore ta na zango guda, a gida kuma ubanta ya ƙara mata. Bayan an gama Shitu ya hau dandamali ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan cin amana. 'Yata ta dawo gida tana ba ni labari, wai har wasu malamai sun share hawaye. Na san gaskiyar magana. Amma ni ma ban buɗe baki ba, don jini ya fi ruwa kauri, kuma wannan ita ce hujjar kowane matsoraci.

Rahoton nasa ya burge mutanen Kano. Suka aiko masa da takarda cewa za a karrama shi a taron malamai. Ya kawo mini shadda mai ruwan sama in yi masa kaftani da aiki a wuya. Na ɗinka.

Ranar Juma'a da hantsi na kai masa ɗinkin. Muna zaure yana gwadawa, sai muka ji sallama a hankali. Khairiyya ce, ba yunifom, da ƙwarya a ka an rufe da faifai. Ta rame. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe mu, ta sauke ƙwaryar a gabansa.

“Malam, sallama na zo yi. Baffa ya ce jibi za mu tashi, za mu koma wajen 'yan'uwansa ta can bayan Doguwa. Ya ce ba makaranta kuma.” Ta sunkuyar da kai. “Inna ta ce a kawo maka wannan. Ta ce duk garin nan kai kaɗai ka tsaya mana.”

Shitu ya yi gyaran murya. Ya yi mata nasiha a kan haƙuri, ya ce kada ta yar da littattafanta, ya ce ta tuna ciwo ba abin kunya ba ne. Ta ce ta gode, ta nemi gafara in ta taɓa saɓa masa, ta fita.

Ya ɗaga faifan. Kindirmo ne irin na Inna, fari tas, da curin man shanu a tsakiya. Muka zuba masa ido mu biyu.

“Mamman, ko za ka kai wa iyali?”

Na ce, “Akwai a gida.” Ƙarya nake, ba ko ɗigo.

Sai ya naɗe hannun sabon kaftaninsa, ya ɗauki ƙwaryar da bakin yatsu, ya fita ƙofar gida inda rariya ke fitowa, ya fara tuttulawa. Mutumin da ya buga tebur ya ce ba a ɗaukar ciwon ke nan.

Abin da muka manta, mu 'yan gari, shi ne nono ake ba mutum, ba ƙwarya ba. Bafulatana ba ta barin ƙwaryarta, balle wannan mai zane, ta cikin kayan uwarta. Yarinyar ba tafiya ta yi ba. Tana tsugune a jikin katanga tana jira a juye a miƙo mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta bari har ya gama, farin na bin baƙin ruwan rariya, sannan ta matso ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

“Da na sani na faɗa maka tun ɗazu, Malam,” ta ce. “Ban taɓa shi ba. Inna ce ta yi da hannunta, ta rufe. Ni ɗaukowa kawai na yi.”

Ta kife ƙwaryar a kanta ta kama hanyar Badafi. Shitu yana nan tsaye, nono ya fallatsa a bakin kaftanin. Washegari ya aiko mini da shi in ga ko zai fita kafin ranar taro. Na sa aka wanke, ya fita tas.