Ta'aziyyar da Haridi Ya Karɓa

Haridi manomin rake ne a wani ƙauyen Ƙina, can kudancin Masar, bai taɓa riƙe bindiga ba. Da aka kashe ɗansa Sabir, dangi suka ce a rama, shi kuwa ya kai ƙara. Shekara huɗu ya ƙi karɓar ta'aziyya, don ba a karɓarta sai an ɗau fansa. Ranar da aka yanke wa makashin ɗaurin rai da rai, Haridi ya kafa rumfar ta'aziyya, ya raba gahawa.

Aka ɗaukaka ƙara, aka sako makashin. Jaridu suka caccaki alƙalin kwana biyu, suka manta.

Ƙanen Haridi ya ce, "Yaya, ga kotun taka nan."

Haridi ya dubi inda rumfar ta tsaya. "To yanzu yaya zan mayar wa mutane ta'aziyyarsu?"