Ƙwallaye Goma Sha Huɗu na 'Yar Ciyaman

Bahaguwa ake ce mata, don ƙafarta ta dama ba ta da wani aiki sai tafiya. Ta koyi ƙwallo ne a lungun bayan shagon ɗinkin mahaifiyarta, inda bango biyu suka matse hanya, shi ya sa bugunta ƙasa-ƙasa ne, da ƙarfi, kamar ƙwallon ta zage ta.

Tana shekara goma sha bakwai ta shiga ƙungiyar mata ta unguwa. Dukiyar ƙungiyar riguna goma sha shida ce, ƙwallo biyu, da Ciyaman guda wanda ya fi su nauyi gaba ɗaya. Lamba tara ta 'yarsa ce. Haka Sakatare ya rubuta a takardar 'yan wasa tun farkon kakar wasa, ya buga kwafi talatin don kada hannunsa ya riƙa wahala duk mako. Ita kuwa 'yar Ciyaman gudu yana sa ta ciwon kai. Sai ta zauna a benci, Koci ya miƙa wa Bahaguwa rigar.

"Koci, ai ba sunana ba ne a takardar."

"Raga ta iya karatu ne? Ke dai shiga ki ci."

Ta shiga ta ci. Alƙalin wasa ya rubuta lamba, ofishin gasa ya duba takarda, ya ba mai sunan ƙwallon. Kafin kaka ta ƙare, 'yar Ciyaman ta tara ƙwallaye goma sha huɗu ba tare da takalminta ya taɓa ƙura ba.

Sai ga wasiƙa daga wata babbar ƙungiya, ana gayyatar mai lamba tara gwaji. Ciyaman ya tara su ya karanta ta sau biyu, yana shafa tumbi. "Gado ne," in ji shi. "Ni ma a zamanina ba dama."

Bahaguwa ta sami Sakatare a ofis, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yallaɓai, a gyara mana."

"Kwafi talatin zan gyara? 'Yar nan, ki rage son kai."

A gida mahaifiyarta ko ɗago kai daga keken ɗinki ba ta yi ba. "Ni ma ina ɗinkawa, mai kanti ya liƙa sunansa a wuyan riga. Bambancinmu, ni ban yi masa goma sha huɗu kyauta ba."

'Yar Ciyaman ta tafi gwaji a motar ubanta, ta dawo kafin azahar. Masu ƙungiyar suka bugo waya suna tambayar ina ƙafar hagun da aka ba su labari. Ciyaman ya ce yarinyar ta canza ƙafa ne. Suka kashe wayar.

Da sabuwar kaka ta kama, Koci ya miƙo rigar kamar kullum. Bahaguwa ta haɗa hannuwa a baya.

"Sai na ga takarda."

"Kai ya fara girma ke nan?"

"A'a, Koci. Ciwo yake min."

Ta zauna a benci. Wasa uku 'yar Ciyaman ta buga da kanta, wasa uku mai tsaron gidan abokan hamayya tana hamma. Asabar ta huɗu, kafin a hura usur, Sakatare ya lallaɓo da takarda, ya soke layi na tara, ya tsaya da biro a sama.

"Yauwa, 'yar albarka. Ya ma sunan naki?"

Ta karɓe biron, ta rubuta da kanta.