Murya a Ƙarƙashin Tirela

Jiya na buɗe akwatin Inna ina neman zare, sai ƙamshin sandal ya tarbe ni daga tsohon tob ɗinta shuɗi, wanda take naɗawa tun daga ka har idon sawu in za ta biki. A gefensa akwai ɗinkin wata 'yar yaga. Na san ƙarfen da ya yi ta, domin ina zaune a ƙarƙashinsa lokacin.

A unguwarmu ta bayan Gadarif, a ƙasar Sudan, da ruwa ya sauka sai tarakta ta kwashe maza zuwa mashru'i, gonakin nan da ido ba ya kai ƙarshensu. Baƙar laka ta rufe hanya, gida ya zama na mata da tsofaffi. Sai an yanke riɗi an casa dawa suke dawowa, da ƙaiƙayi a wuya da marmarin dariya. A lokacin ne Ustaz, malamin makarantar maza, yake shirya wasan kwaikwayo bayan la'asar. Tirelar tarakta ce dandamali, a jera buhunan dawa a rufe tayoyinta.

Mace ba ta hawa tirelar nan. In wasa na buƙatar mace, sai a nemo yaron da muryarsa ba ta fashe ba a naɗa masa tob. Matar cikin wasan kuwa kullum ita ce dai: ta kawo kisra, wainar dawar nan tamu, a makare, a daka mata tsawa, ta durƙusa, ta yi kuka, ta nemi gafara. Ko haka ɗin nake so. Da an ba ni, da na durƙusa da murna, in dai idon mutane na kaina.

Yayana aka ba matsayin matar. Ni na koya masa yadda ake riƙe bakin mayafi da haƙori in hannu na ɗauke da tire, ni na haddace maganganun kafin shi. Ranar da Inna ta naɗa masa tob ɗin da ko taɓawa ba a bari in yi, tana dariya tana gyara masa kafaɗa, sai na koma bayan rumbu na yi ta tsinke ganyen kuka har yatsuna suka yi kore.

Ana saura kaɗan a yi wasan, muryarsa ta fashe. In ya buɗe baki sai ka ce ƙofar langalanga. Ustaz ya zo wurin Baba neman aron muryata, ya zauna, aka kawo musu gahawa. Baba ya ce 'yarsa ba za ta tsaya gaban maza ba. Ustaz ya ce ai ba tsayawa za ta yi ba, zama za ta yi inda ba mai ganinta, yaron ya rufe baki da mayafi ya riƙa motsa kai. Baba ya juya finjalinsa ya daɗe, sannan ya yarda, da sharaɗin kada kowa ya sani.

Haka na shiga ƙarƙashin tirela tun kafin mutane su taru. Warin giris, sanyin ƙasa, ƙurar dawa tana zubo mini a ka duk lokacin da aka taka katako. Ta wata tsaga ina hango ƙafafun yayana da bakin tob ɗin Inna yana jan ƙasa. Da ya durƙusa, sai na saki kukan. Ban ara daga wurin kowa ba, nawa ne, na ranar bayan rumbu. Filin ya yi tsit har ina jin kukan akuya daga nesa.

Aka tashi da tafi. Maza suka hau suna kaɗa yatsu a saman kan yayana, alamar yabo a wurinmu, wajen saukowa ƙarfe ya kama tob ɗin ya yage. Na ji wani dattijo yana cewa, "Wallahi yaron nan ya fi matan iya zama mace." Na cusa gefen zanena a baki na ciza. Ina son yayana, amma a wannan yammacin na so ƙasa ta buɗe da shi.

Sai na ji takun sanda. Kakata ce, wadda muke kira Habboba. Ta wuce taron, ta wuce yayana ko kallo, ta zo gindin taya ta sunkuya da ƙyar, ta rangaɗa guɗa cikin duhun da nake. Mutane suka yi dariya, suna cewa tsohuwa ta rikice. Ta kawo baki kusa da buhu ta ce, "Ni na yi muku wankan jego ke da uwarki, 'yar nan. Muryarki za ta ɓace mini?"

Yanzu ina koyarwa a makarantar 'yan mata. Ɗalibaina suna hawa dandamali fuska a buɗe, matar cikin wasansu ma tana mayar da magana. Ina tafa musu da gaske, amma can ƙasan zuciyata wata yarinya mai ƙura a ka tana kishinsu. Yayana yana tuƙa injin girbi, abokansa har yau suna yaba masa kukan nan, shi kuma yana murmushi ya sunkuyar da kai.

Jiyan dai ban ɗauki zaren ba. Na rufe ƙofa, na naɗa tob ɗin, na tsaya a tsakar ɗaki. Ashe tun farko tsawona ne.